Koya Wa Yara Ƙaga Labari A Ƙasar Kura Da Bunkure

A shekarar 1933 Hukumar Fassara ta Zariya, a ƙarƙashin Rupert East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga gasar nan aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Su ukun nan duka malaman makaranta ne a lokacin. Ashe kuwa tun asali aikin raya wannan fanni a wuyan malamai yake, har yau kuma bai sauka ba.

To, malamai na Kura da Bunkure da Garun Malam, ga abin da ya kamata ku lura da shi. In an ce wa yaro ya ƙaga labari, nan da nan sai ya tafi birnin da bai taɓa gani ba, ya kawo attajiri da 'yar sarki, alhali kuwa labari yana ƙofar gidansu. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, ruwa ya bi magudanai ya ratsa ƙasar nan, noman rani ya kafu, ana shuka shinkafa da alkama da albasa da tumatir. Inda ruwa da kuɗi da bashi suka haɗu kuwa, ba a rasa labari.

Da fari, malami ya aiki yara su duba, su kuma saurara. Su je bakin magudana, ko kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan, su rubuto maganar manomi da dillali yadda ta fito daga bakinsu.

Na biyu, a nuna musu cewa ƙashin bayan labari shi ne mutum mai bukata, da abin da ya tare masa hanya. Misali, manomi wanda gonarsa take can ƙarshen magudana, tumatir ya fara yaushi, wanda ya datse ruwan kuwa surukinsa ne. Zai buɗe ruwan da dare ya ɓata zumunci, ko zai yi kunya ya rasa abin biyan bashin taki? Yaron da ya iya sa mai karatu ya ƙosa ya ji yadda za ta ƙare, lalle ya kama hanya.

Na uku, kada a bar su su cika labari da wa'azi. Abin da ya sami mutum a sakamakon aikinsa ya isa darasi, mai karatu ba yaro ba ne.

Na huɗu, kowa ya karanta nasa da ƙarfi a gaban aji. Inda 'yan'uwansa suka fara hamma, nan ne za a rage. Gyaran ƙa'idojin rubutu ya zo daga baya, don jan biro da wuri yakan kashe wa yaro gwiwa.

Akwai kuma dalilin gaggawa. Dattawan da suka san ƙasar nan kafin zuwan ruwa suna ta ƙarewa, kuma wanda ya tafi, da labarinsa ya tafi. Sai a tura jikoki su zauna gabansu da takarda da alƙalami tun da sauran lokaci. Allah ya sa mu dace, amin.