Daga Babbaƙu Zuwa ABCD: Me Ya Sa 'Ya'yanmu Ke Haddace Turanci Ba Su Iya Karanta Shi?

A hutun makaranta da ya gabata na kai wa wani yayana ziyara a unguwar Ƙofar Kware da ke cikin birnin Sakkwato. Bayan mun idar da sallar magariba, sai ya ƙwalla wa ɗiyarsa kira, yarinya 'yar aji huɗu a firamare, ya ce, "Zo ki karanta wa Baffanki Turanci ya ji." Ta ɗauko littafinta, ta gaishe ni, ta buɗe shafi ta kama zubo Turanci ba gargada, uban yana ta murmushi yana kallona. Ni kuwa abin da na lura da shi shi ne, idonta yana kan fitila, yatsanta kuma yana layi na uku alhali bakinta ya kai na biyar.

Na ɗora yatsa a kan wata kalma a tsakiyar shafin, na ce, "'Yata, mece ce wannan?" Sai ta koma farkon shafi tana gunguni har ta iso wurin, sannan ta faɗa. Na rubuta kalmar nan a bayan wani ambulan, ta yi shiru. Na rubuta mata "tukunya", ta kira sunayen baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya da Turanci, amma haɗa su ya gagara. Daga nan na ce ta ɗauko Alƙur'ani, na buɗe mata surar da ba ta kai ba a makarantar allo. A hankali, tana tsayawa tana tashi, ta karanta ayar daidai.

Mai karatu, yarinyar nan ba daƙiƙiya ba ce. Malamai biyu gare ta, ɗaya ya koya mata karatu, ɗaya ya koya mata hadda, kuma wanda ya koya mata karatun shi ne wanda mu 'yan boko muka saba zargi da cewa hadda kawai ya sani.

Duk wanda ya zauna gaban malam da allo ya san tsarin. Ana fara yaro da babbaƙu, ya san kowane baƙi da siffarsa, ko a farkon kalma ya zo ko a tsakiya ko a ƙarshe. Sannan a shiga farfaru, a ɗora wa baƙin nan fataha da kisira da rufu'a, yaro ya ji yadda sautinsa ke sauyawa. Sai ya ƙware a nan ake barinsa ya riƙa haɗa baƙi da baƙi har kalma ta tashi. Ba a tsallake mataki. Ta wannan hanya birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809 ya cika da masu karatu da rubutu, maza da mata, tun kafin Bature ya zo da alli da baƙin allo.

Abin mamaki, abin da kakanninmu suka daɗe da yanke hukunci a kansa, su masu Turancin sun shafe fiye da shekara hamsin suna jayayya a kai. Asalin rigimar kuwa wani ruɗi ne. Idan ka dubi gwanin karatu, sai ka ɗauka haɗiye kalma yake yi ɗungurungum kamar hoto. Saboda haka wasu masana a Amurka suka ce a daina wahalar da yara da sautin baƙaƙe, a nuna musu kalma da hotonta, su riƙe siffarta. A 1955 Rudolf Flesch ya fitar da littafinsa Why Johnny Can't Read yana sukar wannan hanya, amma a 1967 Kenneth Goodman ya zo da ra'ayin cewa karatu wani nau'in cinke ne, mai karatu yana lalubo kalma daga ma'anar zancen da ke kewaye da ita. Da aka sami na'urorin bin diddigin ƙwayar ido, sai aka ga ba haka abin yake ba. Idon gwani tsalle yake yi yana tsayawa, kowace tsayawa kimanin rubu'in daƙiƙa, yana sauka a kan mafi yawan kalmomin shafi, ƙwaƙwalwa kuma tana sarrafa baƙaƙen da ke cikinsu. Yawan yi ne ya mayar da abin kamar ƙiftawar ido. Mai cinke shi ne wanda bai iya ba, kamar 'yar yayana.

A shekarar 2000 wani kwamitin ƙasa da majalisar Amurka ta sa aka kafa ya tabbatar da amfanin koyar da sautin baƙaƙe bi da bi, abin da ake kira foniks. A Ingila rahoton Jim Rose na 2006 ya bi sahu, kuma tun 2012 ake yi wa yara 'yan kimanin shekara shida gwajin kalmomi 40, rabinsu ƙagaggu ne da ba su da ma'ana, don a bambanta mai karatu da mai hadda. Wato dai bayan ambulan ɗin nan nawa ne, gwamnati ta mayar da shi doka.

To amma rubutun Turanci yana da tasa masifar. Baƙaƙensa 26 ne, sautukansa kuwa kimanin 44. Dubi "ough" a cikin though da through da rough da cough: rubutu ɗaya, furuci huɗu. Dubi "k" a farkon knife, wadda ake rubutawa ba a faɗa. A da can ana faɗar ta. Faransanci ya kwararo cikin harshen bayan yaƙin 1066, aka kawo injin ɗab'i Ingila a 1476, rubutu ya soma daskarewa, baki kuwa ya ci gaba da sauyawa. Wani bincike da Philip Seymour da abokan aikinsa suka wallafa a 2003 ya nuna cewa yaran da ke koyon karatu da harsuna irin su Italiyanci da Girkanci da Jamusanci suna iya karanta kusan duk kalma mai sauƙi a ƙarshen shekararsu ta farko, alhali masu Turanci sai sun ninka wannan lokaci ko fiye. Ka tuna, waɗannan yara ne da suka sha Turanci a nono.

Yaron Ƙofar Kware fa? Harshensa yana da wasula biyar, kowane da gajere da dogo, ga Turanci da sautin wasali wajen ashirin. Kunnensa bai saba raba "p" da "f" ba, ko "b" da "v". Bakinsa ba ya son baƙi biyu su haɗu a farkon kalma ba wasali a tsakani, shi ya sa muke da burodi da direba da sukundireba. A kan duk wannan, bai san ma'anar abin da ake so ya karanta ba. Mun ɗora masa kaya biyu a lokaci guda, koyon karatu da koyon baƙon harshe, a cikin ajin da sau da yawa ya fi ƙarfin malami ɗaya. Taura biyu kuwa ba ta taunuwa. Malami ya karanta, aji ya amsa, yaro ya yi abin da duk mai wayo zai yi, ya haddace.

Rubutun boko na Hausa ba shi da wannan murɗiya. Tun daga ƙa'idojin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya tsara a 1912, zuwa baƙaƙe masu lanƙwasa da aka daidaita a zamanin Rupert East, kusan kowane baƙi sauti ɗaya yake da shi. Yaron da ya san ba, be, bi, bo, bu ya kama hanya. Da irin wannan iyayenmu suka tashi daga Ka Koyi Karatu suka kai ga Magana Jari Ce. Na san za a ce ai rubutun namu ma yana da giɓi, tunda ba ya nuna tsawon wasali ko hawa da saukar murya: garin da ake zama da garin da ake tuwo rubutunsu ɗaya, haka wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha. Gaskiya ne. Sai dai ban taɓa ganin Bahaushen da ya rikice a kansu ba, domin ya san harshen tun kafin ya ga takarda. Wannan shi ne abin da Gough da Tunmer suka bayyana a 1986, cewa fahimtar karatu tana tsaye ne a kan ƙafa biyu, iya fitar da kalma daga baƙaƙe da kuma sanin harshen, kuma in ɗaya ta karye ɗayar ba ta tafiya ita kaɗai.

Shi ya sa nake jan hankalin masu ganin foniks shi ne maganin komai. Tsarin Jolly Phonics mai sautuka 42, wanda aka fara gwadawa a Jihar Akwa Ibom a 2006 kafin ya bazu a jihohi, yana da amfani ƙwarai wajen ƙafa ta farko. Amma yaron da ya iya furta kalma bai san me take nufi ba, aku aka samu. (Ban da wasu makarantun kuɗi da suka mayar da foniks darasin lanƙwasa harshe irin na mutanen Landan, har da kuɗinsa daban a takardar biya.) Ita kanta makarantar allo ta san wannan iyaka, shi ya sa bayan sauka ake shiga karatun littattafai, malam yana fassara kalma bayan kalma da Hausa.

Ba a nesa aka gwada abin da nake faɗa ba. A 2011 da 2013, da tallafin hukumar USAID, an yi wa yaran firamare na jihohin Sakkwato da Bauci gwajin karatu ɗaya bayan ɗaya, aka tarar mafi yawan 'yan aji uku ba sa iya karanta ko kalma ɗaya, da Hausar ma, balle Turanci. Daga nan aka yi gwajin RARA a 2014 zuwa 2015, sannan aka fito da littattafan Mu Karanta, inda ake koyar da karatu da Hausa tun aji ɗaya, Turanci kuma a fara shi da kunne da baki kafin a kai ga takarda. An sami ci gaba, ko da yake bai kai yadda ake buri ba. Sai dai shiri ne da ya rataya a aljihun baƙo, kuma a 2025 gwamnatin Amurka ta rufe USAID ɗin baki ɗaya.

A watan Nuwamban shekarar ta 2025 kuma Ministan Ilimi, Dokta Tunji Alausa, ya ba da sanarwar soke tsarin koyarwa da harshen uwa da aka amince da shi a 2022 zamanin Malam Adamu Adamu, ya ce Turanci ne harshen koyarwa tun daga ajin share fage, yana kafa hujja da yawan faɗuwa a jarrabawar WAEC da NECO da JAMB. Ina ganin damuwarsa, domin ba a shiga jami'a sai da kiredit a Turanci, kuma babu uban da zai so a rufe wa ɗansa wannan ƙofa. Amma hujjar ba ta zauna mini ba. Yaron da ya shiga aji ɗaya a 2022 ko firamare bai gama ba a lokacin sanarwar, ina ya ga WAEC? In kuwa tsohon tsarin da ke cikin manufar ilimi ta ƙasa tun 1977 ake nufi, gwajin Sakkwato ya riga ya nuna cewa yaran ba su iya karanta Hausar ba, ke nan ba a koyar da ita ba balle a ce ita ta tare wa Turanci hanya. A gefe guda kuma ga gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife daga 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi a hannun ƙwararren malami, kuma ba su kasa takwarorinsu a Turancin ba.

Ko da wane harshe doka ta zaɓa, akwai abin da ke hannun hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha da Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari da sauran masu horar da malamai. Malamin aji ɗaya ya fito ya san cewa sunan baƙi daban, sautinsa daban, kuma waƙar ABCD ba ta koya wa kowa karatu. A ware lokaci kullum na karatun Hausa, a ware wani na jin Turanci da magana da shi, kafin a haɗa yaro da rikicin rubutunsa. Sufeto kuma in ya shiga aji ya bar sauraron amshi, ya ja yaro ɗaya gefe ya rubuta masa kalmar da ba ta cikin littafi.

Kwana tara na yi a gidan yayana. Kowace safiya ni da yarinyar muna yanka kwalin sabulu muna rubuta gaɓoɓi, ina ce mata wannan babbaƙu ne, wannan farfaru, ita kuwa tana dariya wai ashe boko ma yana da su. Ran da zan tafi ta karanta "tukunya" da "makaranta" da sunan kakarta. Uban ya raka ni tasha yana tambayata yaushe za a koma kan Turancin, tunda shi yake biya wa kuɗi. Makonni bayan haka ya kira ni a waya, ya ce ga 'yarka ta hana mu sakat, duk allon shagon da muka wuce sai ta tsaya ta karanta, yanzu kuma wai a tambayi Baffa, don me aka sa "k" a knife tunda ba a faɗar ta.