Komawa Jami'a Don Digirin Jinya: Jan Kunne Ga 'Yan Keffi Mazauna Kurmi

Garin Keffi, wanda ke bisa hanyar da ta taso daga Abuja ta nufi Akwanga, ya daɗe da yin suna wajen ilmin zamani. Tun cikin shekarar 1949 aka kafa Kwalejin Gwamnati a can, wadda ta yaye manyan ƙasa da dama, cikinsu har da marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa. Bayan an cire Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ran 1 ga Oktoba, 1996, sai garin ya sami babban asibitin Gwamnatin Tarayya a 2000, sa'an nan aka kafa Jami'ar Jihar Nasarawa a 2001. Ga kuma kwalejin koyon aikin kiwon lafiya ta jiha, ita ma a nan cikin garin take.

Saboda haka ba abin mamaki ba ne idan mutanen wannan yanki da neman abinci ya kai su Agege da Idi-Araba, ko Sabon Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal, suna waiwayen gida duk sa'ad da maganar karatun 'ya'yansu ta taso. A 'yan shekarun nan kuwa, maganar da ta fi yawo a majalisun zango ita ce ta aikin jinya. Masu neman wannan karatu a karo na biyu iri biyu ne. Akwai yarinyar da ta gama makarantar nas, tana da lasisi, ta shekara takwas ko goma tana aikin dare a asibiti, amma tana ganin ƙannen bayanta masu digiri suna wuce ta. Akwai kuma saurayin da ya yi digiri a kan ilmin halittu ko na sinadarai, ya gama bautar ƙasa, yau shekara uku ke nan yana taya mahaifinsa jiran shago a Mile 12. Dukansu biyu jami'a suke so su shiga, kuma ba daga ajin farko ba.

Ba baƙon abu ba ne

Wasu na tsammanin wannan hanya daga Turai aka kwaikwayo ta kwanan nan. Ba haka ba ne. Digirin jinya na farko a Nijeriya, wanda Jami'ar Badun ta buɗe a 1965 da taimakon Hukumar Lafiya ta Duniya, don nas-nas masu rajista aka shirya shi, watau waɗanda suka riga suka san aikin, domin su fito su zama malaman makarantun jinya da shugabannin asibitoci. Sai a 1973 Jami'ar Ife ta soma ɗaukar yara kai tsaye daga sakandare. Yau digirin na shekara biyar ne ga wanda ya faro daga tushe, kuma ana yin sa a jami'o'in Arewa da dama, kamar Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Bayero ta Kano, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Jos, da ta Maiduguri.

Inda aka bambanta da ƙasashen waje shi ne tsawon lokaci. A Kanada, Jami'ar Toronto tana karɓar wanda ya riga ya yi karatun jami'a ta mai da shi nas cikin shekara biyu. A Amurka akwai kwasa-kwasan gaggawa na masu digiri waɗanda ba su kai shekara biyu ba. A Nijeriya abin da mai digiri ke samu shi ne rangwamen shekara guda: ya shiga aji biyu, ya yi shekara huɗu cur, in har yajin aikin malamai bai ƙara masa wata ba. Wanda duk ya zo wa mutum da labarin digirin jinya na wata goma sha takwas a cikin ƙasar nan, to a riƙe aljihu da kyau.

Hannu biyu ke sa wa takardar albarka

Ga abin da ya fi kome muhimmanci, kuma a nan ne kuɗin iyaye ya fi salwanta. Sauran kwasa-kwasan jami'a da yawa, izinin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, watau NUC, ya ishe su. Jinya ba ta haka. Dole ne a haɗa da amincewar Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda dokar soja mai lamba 89 ta shekarar 1979 ta kafa. Ita ce ke shirya jarrabawar zama nas, ita ce ke ba da lasisi, ita ce kuma ke ƙayyade wa kowace makaranta yawan ɗaliban da za ta ɗauka, gwargwadon malamanta da gadajen asibitin da za a koyi aiki a ciki.

Kowane ɗalibi sai majalisar ta shigar da sunansa cikin kundinta ta ba shi lamba. Wanda ba shi da wannan lamba ba zai zauna jarrabawar majalisa ba, ko da kuwa shi ne na ɗaya a ajinsu. To idan makaranta ta kwashi ɗalibai fiye da adadin da aka yanka mata, rarar sai su tsaya jiran layi, ko a tura su wani sashen da ba shi suka zo nema ba. Mai digirin jinya da ba shi da lasisi kuwa kamar direba ne da mota amma ba takardar tuƙi. Babu asibitin kirki da zai bar shi ya taɓa majinyaci.

Don haka tambayar da uba zai yi ba ita ce ko makarantar tana kusa da gida ba. Jami'a na iya kasancewa a bakin ƙofar gidan kakan yaro, tana da izinin koyar da shari'a da aikin gona, amma wannan bai nuna tana da izinin koyar da jinya ba, domin kowane kwas da nasa izinin, kuma izini yana da wa'adi. Ko jami'ar Keffi ce, ko ta Lafiya, ko ta kuɗi a Karu ko Abuja, tambaya uku ce: shin kwas ɗin yana cikin kundin JAMB na wannan shekarar? Shin sunan makarantar yana cikin jerin da majalisar jinya ke wallafawa a shafinta na intanet? Shin ɗaliban da ke aji uku da huɗu yanzu sun sami lambarsu? Ta ukun nan ba a ofis ake samun amsarta ba. Sai a aiki ƙane ko ɗan'uwa da ke gida ya shiga makarantar ya tambayi ɗaliban da bakinsu. Kuɗin motarsa bai kai na fom ba.

Kowa da ƙofarsa

Nas mai rajista ita ta fi samun sauƙi. Tana iya neman shiga kai tsaye a jami'ar da ake zama aji, ko kuma ta bi karatu daga nesa tana kan aikinta. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, watau NOUN, tana da wannan kwas, haka nan cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello. Wannan ya dace da matar aure mai 'ya'ya da ke aiki a Ikko, wadda ba za ta iya kwashe kaya ta koma Arewa shekara huɗu ba. Amma fa waɗannan kwasa-kwasai na masu lasisi ne kurum. Mai digirin ilmin halittu ba shi da rabo a ciki, domin ba a koyon ɗaura ruwa da juya majinyaci ta wayar salula.

Dalilin da ya sa nas ke wahalar da kanta kuwa a fili yake. A tsarin aikin gwamnati akwai matakin da marar digiri ba ya wucewa, kome daɗewarsa, kuma kujerar darakta ta masu digiri ce. Sai dai ma'aikaciyar gwamnati ta tabbata ta nemi izinin karatu a rubuce daga wurin aikinta kafin ta fara. Takardar da aka samo ba da izini ba takan sha wuya kafin a yarda a sauya wa mai ita matsayi da ita.

Shi kuma mai digirin wani fanni, ba kowace jami'a ce ke karɓarsa ba. Waɗanda ke karɓa sun fi son digirin kimiyya mai daraja, guraben kuma 'yan kaɗan ne, domin ajin da zai shiga ya riga ya cika da waɗanda suka hauro daga aji ɗaya. Mai digirin tarihi ko siyasa, in dai da gaske yake, sau da yawa hanyarsa ita ce ya sake zama jarrabawar JAMB tare da yara, ko ya nemi kwalejin jinya kamar ta Lafiya ya fito da lasisi tukuna, digiri ya biyo baya. Babu abin kunya a ciki.

Akwai wani rukunin da ya kamata a ambata, tun da Keffi ake magana. Waɗanda suka yi kwas ɗin kiwon lafiyar al'umma a kwalejin garin ma'aikatan lafiya ne na sosai, su ne ma ke riƙe da ƙananan asibitocin karkara, har mutanen ƙauye na kiransu nas ko likita. Amma hukumar da ke yi musu rajista daban take da majalisar jinya, takardarsu kuma ba ta nas ba ce. Kada wanda ke riƙe da ita ya sayi fom ɗin da aka ce na nas masu rajista ne.

Duk ƙofar da mutum zai bi, akwai takardar da ba a tsallakewa: kiredit biyar na sakandare a Ingilishi, da Lissafi, da Fizis, da Kemistiri, da Bayoloji. Mai digiri ma sai an dubi tasa. An sha ganin wanda ya yi digiri lafiya lau da fas a Fizis, sai ga shi wannan fas ɗin na shekara goma baya ya tare masa hanya. Irin wannan sai ya yi rajistar WAEC ko NECO ta masu zaman kansu ya gyara kafin lokacin fom.

Yadda ake neman

Fom ɗin shiga kai tsaye na hukumar JAMB ne, wadda aka kafa a 1978, kuma a watannin farkon shekara ake sayar da shi. Tun 2021 ba a rajista sai da lambar katin ɗan ƙasa, don haka suna da ranar haihuwa su zo daidai a kan kowace takarda. Wannan ya fi shafar mata. Wadda ta gama makarantar nas da sunan mahaifinta, ta yi katin ɗan ƙasa da sunan mijinta, ta fara neman takardar rantsuwa ta kotu tun da wuri.

A 2023 hukumar ta tsananta, ta mai da rajistar shiga kai tsaye ofisoshinta kaɗai, saboda yawan takardun jabu. Misalin da ta bayar na Jami'ar Bayero ne, inda aka binciki takardu 148 aka tarar 6 ne kawai na gaskiya. Yanzu sai makarantar da mutum ya gama ta tabbatar da takardarsa kafin a ba shi gurbi, kuma tsohuwar makarantar ce za ta aika da cikakken sakamakonsa. Wanda ya taɓa bin sawun irin wannan takarda ya san ba aikin mako guda ba ne, balle ga wanda ke Fatakwal makarantarsa tana Lafiya.

Tun 2017 kuma duk gurbin karatu ta na'urar hukumar da ake kira CAPS yake fitowa, ɗalibi ya gani da idonsa ya karɓa. Takardar shiga da wani ya miƙo a bayan ofis, wadda ba ta bi ta nan ba, ba ta da daraja a wurin hukuma, ko nawa aka biya.

Wata dama da yaran da aka haifa a Kurmi kan manta da ita ita ce takardar shaidar asali. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin ɗari na cancanta, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 na jihohin da aka lasafta suna baya a ilmi, Nasarawa kuwa tana cikinsu. Yaron da aka haifa a Agege, wanda bai san Keffi ba sai da Salla, yana da haƙƙi a wannan kaso, amma sai ya nuna takarda daga ƙaramar hukumarsu. Uban da zai je gida bana ya haɗa da wannan cikin saƙonninsa.

Lissafin shekaru da na aljihu

Kafin a yanke shawara a zauna a ƙirga. Mai digirin da ya shiga yana da shekara 26 zai fito yana da 30, sa'an nan ga shekara guda ta horon aiki a asibitin da aka amince da shi. Wanda ya riga ya yi bautar ƙasa ba ya sakewa, wanda kuma ya haura 30 ranar da ya gama, takardar yafewa ake ba shi. Cikin shekarun karatun nan babu sana'a ta gefe, domin daga aji sai ɗakin majinyata, har da lokacin hutu. Ban da kuɗin makaranta akwai na yunifom, da na shiga kundin majalisa, da na jarrabawarta, da na mota zuwa asibitocin da ake tura ɗalibai. A Keffi ma kuɗin haya ba na da ba ne, tun da ɗalibai da ma'aikatan Abuja suka cika garin.

Ba a ɓoye ba, da yawa daga cikin masu rububin nan Ingila da Saudiyya suke hange. A watan Fabrairu na 2024 magatakardan majalisar na lokacin, Faruk Umar Abubakar, ya ce nas-nas 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, fiye da 15,000 a 2023 kaɗai. Waɗannan ƙasashe kuwa ba sa ɗaukar kowa sai sun tuntuɓi majalisar nan ta Abuja ta tabbatar musu da lasisinsa. Wanda sunansa bai taɓa shiga kundinta ba, babu abin da za ta aika musu a kansa.