Ƙananan Ƙwayoyi da Mas'alar Isar da Magani ga Ciwon Daji

Tun da daɗewa malaman ɗibbu suke da magunguna masu ƙarfin hallaka ƙwayoyin ciwon daji, amma da yake maganin da aka ɗura a jini ba ya tantance lafiyayyen nama da mai cuta, sai majiyyaci ya sha azabar amai da zubewar gashi, wani lokaci har da illa ga zuciya, kafin ɗan kaɗan daga maganin ya kai inda aka nufa. Saboda haka mas'alar ta rabu biyu: ganin mazaunin cutar bisa tahakiki, da isar da magani gare ta ita kaɗai. Kan waɗannan biyun ne masana suka karkata ga ƙwayoyin da ake aunawa da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, alhali kaurin silin gashi guda ya kai wajen nanomita 80,000.

Asalin hujjar ta fito daga Japan a 1986, sa'ad da Yasuhiro Matsumura da Hiroshi Maeda na Jami'ar Kumamoto suka bayyana cewa jijiyoyin jinin da ƙari yake tsirarwa cikin gaggawa domin ciyar da kansa ɓulallu ne, ta yadda ƙwayar da ta kai nanomita 100, wadda ba za ta iya fita daga lafiyayyiyar jijiya ba, takan zurara cikin ƙarin ta maƙale. Bisa wannan ƙa'ida Amurka ta halatta Doxil a 1995, wato tsohon maganin doxorubicin da aka lulluɓe cikin kwanson kitse, abin da ya rage ɓarnarsa ga zuciya.

Ta fuskar ɗaukar hoto kuwa, hikimar tana cikin garin tsatsar ƙarfe. Idan aka ɗura shi a jini, ƙwayoyin tsaro da ke cikin lafiyayyiyar hanta sukan haɗiye shi, sai wurin ya yi duhu a hoton na'urar MRI mai aiki da maganaɗisu, ƙarin kuwa, da yake ba shi da irin waɗannan masu tsaro, sai ya fito fili da haskensa. Da irin wannan gari ake yi wa mai sankarar mama allura, ya bi magudana ya taru a kaluluwar hammata ta farko, likitan fiɗa ya lalubo ta da sandar maganaɗisu ya cire a bincika, maimakon a kwashe kaluluwar duka.

Babi mafi zurfi shi ne na ƙwayoyin gado, domin ciwon daji daga lalacewarsu yake farawa. A 1998 Andrew Fire da Craig Mello suka gano cewa guntun sinadarin RNA yana iya rufe bakin ƙwayar gado ta daina ba da umarni, aka ba su lambar Nobel a 2006. Sai dai wannan sinadari, idan ya shiga jini tsirara, cikin mintoci ake narkar da shi, tamkar wasiƙar da aka aika cikin ruwan sama babu ambulan. A 2010 Mark Davis da abokan aikinsa na Caltech suka nuna cewa RNA da aka lulluɓe ya isa cikin ƙarin masu sankarar fata ya yi aikinsa, kuma kwanson kitsen da ya ɗauki rigakafin korona a 2020 shi ake jarrabawa yanzu wajen rigakafin da ake haɗa wa kowane majiyyaci gwargwadon ƙarinsa.

Amma adalci ya wajabta a ambaci naƙasu. Nazarin da Warren Chan da jama'arsa suka yi a Jami'ar Toronto a 2016 ya nuna cewa a jikin ɓeraye matsakaicin abin da yake isa ƙari daga ƙananan ƙwayoyin da aka ɗura kashi 0.7 cikin ɗari ne kacal, mafi yawa hanta da saifa ne suke tare shi. Wannan ne sababin da ya sa patisiran, maganin farko na guntun RNA mai rufe bakin ƙwayar gado da aka halatta a 2018, ya kasance na wata cutar gado ce mai tushe a hanta, inda ƙwayoyin suke zuwa da kansu. Aikin da ya rage wa masana shi ne su sami dabarar tsallake hanta zuwa huhu da ƙwaƙwalwa da sauran gaɓoɓi, sa'an nan su saukar da farashi har asibitin talaka ya iya saye.