Auna Tsawon Rimi Ba Tare da An Hau Shi Ba

A ƙauyukan Karaye da Rogo, irin su Tudun Kaya, duk wanda zai sare tsohon rimi ko giginyar da ke kusa da gida yana da tambayar da ba ta son kintace: idan ta faɗi, ina kanta zai kai? Kuskuren taku biyar ya isa ya rushe katanga ko ya tsinke wayar lantarki. Amsar kuwa a ƙasa take kwance, cikin inuwar bishiyar.

Kafa sanda mai tsawon mita 1 a miƙe. Idan inuwarta ta kai mita 1 da rabi, a daidai lokacin kuma inuwar rimin ta kai mita 30, to rimin mita 20 ne. Dalili shi ne hasken rana yana sauko musu ta kusurwa ɗaya, don haka yadda inuwar sanda take ga sanda, haka inuwar bishiya take ga bishiya. An ruwaito cewa da wannan dabara Thales, masanin Girka, ya auna dalar Masar kimanin shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Mu ma ba baƙinta ba ne. Duk almajirin da ya karanta babin lokutan salla ya san cewa La'asar tana shiga ne idan inuwar abu ta kai tsawonsa, bayan an cire inuwar zawali. Wannan cirewar tana da muhimmanci ƙwarai. A yankin Karaye rana tana bi ta tsakar ka wajen ƙarshen Afrilu da ƙarshen Agusta, inuwar zawali ta kusa ɓacewa, amma a Disamba takan kai kusan kashi 7 cikin 10 na tsawon abu. Wanda ya auna inuwar bishiya da La'asar a lokacin sanyi ya ce tsawonta ke nan, ya yi ƙari mai yawa. Buƙatar sanin lokutan salla da alƙibla na cikin abin da ya sa masana irin su Habash al-Hasib da al-Battani suka zurfafa a lissafin inuwa da kusurwa.

To idan hazo ya rufe rana fa? Nan tirigonometiri yake shigowa. Naɗe takarda mai kusurwa huɗu daidai wa daida, daga lungu zuwa lungu, ta zama alwatika mai kusurwar digiri 45. Riƙe ta a gaban ido, gefen ƙasa a kwance, ka yi ta ja da baya har dogon gefen ya saitu da kan bishiyar. Nisan da ke tsakaninka da gindinta, haɗe da tsawonka daga ƙasa zuwa ido, shi ne tsawonta. Wanda yake da ma'aunin kusurwa na kwalin lissafi sai ya ɗaura masa zare da ɗan dutse ya tsaya inda ya ga dama. A nisan mita 40, idan kusurwa ta ba da digiri 30, sai ya ninka 40 da tanjant ɗinta, wato 0.577, ya sami kimanin mita 23, ya ƙara tsayin idonsa.

Da irin wannan lissafi al-Biruni, wanda aka haifa a 973, ya auna wani dutse a Nandana, cikin Pakistan ta yau, daga nan ya fitar da girman duniya. Da shi ne kuma wani masanin lissafi, Radhanath Sikdar, ya gano a 1852 cewa Everest ya fi kowane dutse tsawo, tun ba wanda ya taka samansa.

Abin da yake damuna shi ne ɗalibanmu na sakandare suna haddace babin tirigonometiri don WAEC da NECO, su zana alwatika a allo, alhali ga ɗorawa a filin makaranta, ga hasumiyar masallaci, ga turken sadarwa a bakin gari. Darasi ɗaya a waje da zare da awon tela ya isa yaro ya gane inda lissafin yake tuntuɓe: ƙasa mai gangare, bishiyar da ta karkata, ko inuwar da aka fara aunawa daga gefen kututture maimakon daidai ƙarƙashin kan bishiyar. Mai sara kuwa, bayan ya gama lissafi, ya ƙara 'yan mitoci a kai kafin ya ɗaura igiya, domin rassa suna fallatsa nesa da inda kan ya sauka.