Darɓa a Lambun Barkono

Duk wanda ya bi fadamun Birnin Kudu da rani, ko ya gangara bakin kogin Bunga wajen Gwaram, zai ga lambunan barkono da tattasai da attaruhu. Da yawa daga cikinmu, in mun gama koyon aikin malanta, irin waɗannan garuruwa za a tura mu, kowa da lambun makaranta a hannunsa. Iyayen yara kuwa manoma ne, ta lambun za su auna malami. Saboda haka ya kamata mu san darɓa, babbar abokiyar gabar barkono.

Darɓa wasu 'yan ƙwari ne masu laushin jiki, girmansu kamar ƙwayar riɗi, waɗansu kore, waɗansu baƙi-baƙi. Sukan taru a bayan ganye da kan toho, su soka baki su tsotse ruwan jikin shuka. Sai ganye ya nannaɗe, fure ya kakkaɓe. Kashinsu ruwa ne mai zaƙi da danƙo, in ya daɗe bisa ganye sai ya yi baƙi kamar kunkunniya.

Rena kama ka ga gayya. A ƙasashe masu zafi irin tamu, macen darɓa ba ta bukatar namiji, ba ta kuwa yin ƙwai, 'ya'ya take haifuwa da ransu, cikin kamar mako guda su ma su soma haifuwa. In wuri ya cika, sai waɗansu su fito da fiffike su tashi zuwa wani lambu. Mafi muni, bakinsu yakan ɗauki cuta daga shuka zuwa shuka, ganye ya yi dabbare-dabbare, barkono ya tsumbure, wannan kuwa ba ta da magani. A 1975 wata darɓa, 'yar'uwar wannan, ta yaɗa kuturtar gyaɗa a Nijeriya ta Arewa, ta hallaka gonaki masu ɗimbin yawa.

To, ina dabara? Babbar dabara ido. Sau biyu a mako mu zaga da yara da sassafe, muna juya ganye muna duba bayansa. In mun ga tururuwa na hawa da sauka a jikin barkono, mai yiwuwa ne darɓa tana nan, gama zaƙin nan suke sha, suna kuma tsaron masu shi kamar makiyayi da shanunsa.

In kaɗan ce, mu murtsuke ta da yatsa, ko mu tsinke tohon mu binne. In ta yi yawa, mu daka 'ya'yan darbejiya, wadda waɗansu ke kira maina, kamar rabin kilo, mu jiƙa cikin ruwa lita 10 ya kwana, mu tace, mu narka ɗan sabulu a ciki. Da la'asar sakaliya za mu yayyafa, musamman bayan ganye, mu maimaita bayan mako guda. Mu fara gwadawa a gindi ɗaya, kada sabulu ya ƙone ganye. Gindin da cuta ta kama kuwa, mu tuge shi mu ƙone, ko da muna jin zafinsa. Mu riƙa cire ciyawa, kada kuma mu cika takin zamani, domin toho mai laushi shi darɓa ke so.

Muna kuma da mataimaki. Akwai wani ƙwaro ja mai ɗigon baƙi a baya, kamar rabin ƙwayar wake. Shi da tsutsarsa darɓa ce abincinsu. Mu nuna wa yara shi, mu hana su kashe shi. Maganin feshi mai ƙarfi yakan kashe shi tare da darɓa, darɓa kuwa ta riga shi komowa.

In yaro ya koyi juya ganye a makaranta, da yamma zai juya na lambun ubansa. Allah ya tsare mana amfaninmu, amin.