Saka Bidiyo a Shafin Intanet: Ƙa'idojin da Ke Kai Saƙo ga Makaho da Kurma

Saka bidiyo ko sauti a shafin intanet yana da sharaɗi biyu. Na farko, abin ya buɗe a kowace waya da kwamfuta. Na biyu, saƙonsa ya isa ga kowa, har da wanda ba ya gani, ko ba ya ji, ko hannunsa ba ya iya riƙe linzamin kwamfuta. Ƙungiyar W3C, wadda Tim Berners-Lee ya kafa a 1994, ita ce kan gaba wajen tsara waɗannan ƙa'idoji.

A da, yawancin bidiyo da wasannin intanet da manhajar Flash ake kunna su. Sai mutum ya ɗora ta a kwamfutarsa kafin ya ga komai, kuma manhajojin da ke karanta wa makafi allo sau da yawa ba sa gane abin da ke cikinta. Kamfanin Apple ya ƙi karɓarta a iPhone. A 2014 aka tabbatar da HTML5, wanda ya ba shafi damar kunna bidiyo da sauti da kansa, sannan kamfanin Adobe, mai Flash, ya daina kula da ita a ƙarshen 2020.

Sharaɗi na biyu yana cikin kundin da ake kira WCAG, wanda ya fara fitowa a 1999, aka sabunta shi a 2008 da 2018 da 2023. Kundin ya kasa cika ƙa'ida mataki uku: A, AA da AAA. Ginshiƙinsa shi ne kada saƙo ya dogara ga hanya ɗaya tak.

Domin kurame, bidiyo yana buƙatar rubutu a ƙasansa, mai nuna abin da ake faɗa, da wanda ke faɗa, da sautuka masu ma'ana kamar ƙwanƙwasa ƙofa. Ana ajiye rubutun a fayil na daban mai tsarin WebVTT, don mai kallo ya kunna ko ya kashe. Shirin sauti zalla kuwa, kamar hirar rediyo, ana haɗa shi da cikakken rubutun abin da aka tattauna. Domin makafi, ana ƙara muryar da ke bayyana abin da ido kaɗai ke gani. Kowane maɓalli kuma a ba shi suna, don manhajojin karanta allo irin su TalkBack ko NVDA su iya cewa wannan na kunnawa ne, wancan na dakatarwa. Haka nan duk abin da linzami ke yi, dole madannan kwamfuta su iya yin sa.

Akwai iyakoki na lissafi. Sautin da ya tashi da kansa ya wuce daƙiƙa 3 dole a sami hanyar tsayar da shi ko rage shi, domin yana danne muryar manhajar da makaho ke sauraro. Abin da ke motsi da kansa fiye da daƙiƙa 5 shi ma haka. Haske kuma kada ya yi walƙiya fiye da sau 3 a daƙiƙa guda, saboda masu farfaɗiya. A 1997 wani shirin Pokémon mai irin wannan walƙiya ya sa aka kai ɗaruruwan yara asibiti a Japan.

Shafin Hausa yana da ƙarin buƙatu. Ana sa masa alamar harshe "ha", kuma a rubuta shi da tsarin UTF-8 don ƙ da ɗ da ɓ su fito daidai. Inda data ke da tsada, an fi so bidiyo ya jira sai an taɓa shi kafin ya fara sauka.

Kafin a saki shafi, mai ginawa yakan gwada shi sau uku: da sauti a kashe, da linzami a cire, da manhajar karanta allo a kunne. Duk inda saƙon ya yanke, nan ne gyara ya rage.