Masu Tarewa a Bayan Gari

Duk wanda ya bi titin Gwarzo ya wuce Rijiyar Zaki, tun kafin ya kai sabon mazaunin Jami'ar Bayero zai ga yadda Kano ke cinye gonaki. Inda ake shuka dawa da gyaɗa a da, yanzu bulo ne a jibge, da kangwaye, da gidaje jefi-jefi. Filayen da yawansu awon igiya ne: mai gona ya yanka ya sayar, kowa ya gina daidai ƙarfinsa, ba a bar wa kwata hanya ba, ballantana filin makaranta. Cikin masu tarewa akwai 'yan cikin ganuwa da dama, daga Yakasai da Mandawari da Koki, waɗanda gidan gado ya yi wa kaɗan ko kuɗin haya ya koro.

Maigida ba ya jin sauyin sosai. Da ya karya kumallo ya nufi kasuwar Kwari ko ta Singa, sai bayan magariba. Kukansa kuɗin mota ne, musamman tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, ga mai adaidaita sahu ba ya shiga lungu mai yashi sai an yi masa ƙari. Matar gida ce ke wuni da sabuwar unguwa.

A cikin birni ba ta san kaɗaici ba. Gida ɗaya suke da surukarta da faccalolinta. In gishiri ya ƙare ta aika yaro sashen wata, in za ta unguwa ta bar goyo wajen kaka, in ta haihu akwai tsohuwar da za ta tsaya mata a wankan jego har ta yi arba'in. Yanzu tana da tsakar gida nata na kanta da madafar da ba ta rabawa da kowa. Kada a raina wannan, domin mata da yawa sun yi shekaru suna roƙon Allah ranar da za su sauke tukunya ba idon kowa a kai. Sai dai katangar doguwa ce, ƙofar ƙarfe kullum a rufe, maƙwabcin dama kuma kango ne da ciyawa ta lulluɓe. Ranar da zazzaɓi ya rufe yaro da tsakar dare, maigida ya yi tafiya, babu ƙofar da ta saba ƙwanƙwasawa. Dangi na nan a waya, amma waya ba ta riƙe mata jariri ta yi wanka.

Yara ne ke fara karya wannan baƙunta. Famfon gwamnati bai iso ba, don haka in wani mai hali ya haƙa burtsatse ya fito da kan famfo ɗaya waje sadaka, nan suke haɗuwa da bokitai. Sai ƙwallo a filin da ba a gina ba, sai Islamiyya a garejin wani. A bakinsu uwa ke jin an haihu a gida na uku, ta yafa mayafi ta je barka. Daga barka sai suna, kafin shekara ta zagayo an kafa adashe.

Maza kuwa larura ce ke tara su. A masallacin da aka fara da rumfar kwano ake yanke karo-karon gyaran taransifoma, da na ɓaraguzan da za a zuba a hanya kafin damina, da albashin 'yan sintiri. Nan ake gane mai bayarwa da mai cewa sai ƙarshen wata.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake mu'amala da mutanen da aka tarar. Su suka sayar da gonakin, kuɗin ya ƙare, yau 'ya'yansu ne ke leburanci da gadi a gidajen da aka gina a kai. Baƙo yakan zo da jin kansa ɗan birni, ba ya zuwa gaida mai unguwa sai rigimar iyaka ta taso. Alhali matansu ne suka san ungozomar da za a taso da dare, maƙabartar ma tasu ce, kuma duk ranar da aka yi rashi a gidan baƙo samarinsu ne ke fitowa da diga da shebur tun kafin dangi su iso daga cikin gari.